Karen Azawak: Turai Na Rububinsa, Mu Muna Jifansa

Rana ta yi ja a dajin arewa da Abalak. Raƙuma sun durƙusa suna tuƙa, awaki na ta kukan neman 'ya'yansu, uwargida ta gama tatsa. Kafin ta shige bukka da ƙwaryar nono, sai ta tsiyaya kaɗan a wani tsohon kasko, ta barbaɗa dusar gero, ta motsa da kara, ta tura shi gefe da ƙafa.

Wanda aka ajiye wa bai yi rawar jiki ba. Ya tashi daga ɗan ramin da ya tona a yashi, ya yi miƙa, ya tako a hankali. Kare ne dogo, ja, mai fararen ƙafafu, cikinsa a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ɗan birni in ya gan shi sai ya rantse yunwa ce ke cinsa. Ba yunwa ba ce, halittarsa ke nan.

Ya lashe kaskon tas, ya zaga bayan garke, ya hau wani ɗan tudu ya kwanta, ya ba ruga baya ya fuskanci daji. Daga nan har asuba aiki ya koma hannunsa. Dila ba zai ɗauki ɗan akuya ba a ji ba, baƙo kuma ba zai kusanci bukka ba sai mai gida ya fito ya yi magana.

Wannan shi ne karen Azawak. A Faransa da Jamus da Amurka yana da takardar asali, yana da ƙungiyoyin masoya, ana shiga gasa da shi, ana sayar da kwikwiyonsa dala dubu biyu ko fiye. A garuruwanmu kuwa, in ya ratso ta bakin kasuwa, dutse yara za su ɗauka.

Abin ya fi ɗaure kai a wannan lokaci da kasuwar karnukan gadi ta buɗe. Tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka zama ruwan dare, masu hali a Kano, Kaduna, Abuja da Yamai suke zuba kuɗi masu kauri wajen sayen karnukan waje: na Jamus da aka fi sani da karen 'yan sanda, Boerboel na Afirka ta Kudu, har da ƙaton nan na tsaunukan Kokasus mai gashin ƙasar ƙanƙara. Riƙe irin wannan na ƙarshe a bazararmu tamkar a lulluɓa wa mutum bargo ne a Sakkwato cikin watan Afrilu. Ga shi kuma a maƙwabta akwai karen da rana da ƙishirwa suka gama horarwa tun kaka da kakanni.

Kwarin da ya ba shi suna

Azawak wani makeken kwari ne, hanyar tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da, ya taso daga arewa maso yammacin Nijar ya shiga gabashin Mali. Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya a jihar Tawa duk ƙasar Azawak ne, haka ma Menaka a ɓangaren Mali. Makiyayan Sakkwato da Katsina sun san sunan ta wata hanya, domin daga nan ne shanun Azawak masu yawan nono suka samo nasu sunan, waɗanda gwamnatin Nijar ke kiwon irinsu a tashar Tukunus kusa da Filinge.

Saniyar ta samu tasha da ma'aikata da littafin rajista. Karen da ke kwana yana gadinta bai samu komai ba, sai kaskonsa.

Abzinawa da Buzaye da Fulanin daji ne ke riƙe da shi, har zuwa arewacin Burkina Faso. Abzinawa na kiran nagartaccensa oska. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kacal, macen kuma ta ɗan gaza haka. Tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, abin da ba a cika gani a karnuka ba. Gashinsa gajere ne ƙwarai, a ciki ma kusan babu, fatarsa siririya, ƙirjinsa mai zurfi. Duk wannan na taimaka masa fitar da zafi. Yana iya gudun kilomita wajen 60 a sa'a, kuma yana yin sa a ranar da wani karen ko inuwa ba zai bari ba.

Ba ya kora, tsaro yake yi

Karnukan makiyaya a duniya iri biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Akwai mai kora, irin Border Collie na kan iyakar Ingila da Sikotilan, wanda makiyayi zai yi wa fito ya zagaye tumaki ɗari ya kawo su bakin shinge. Akwai kuma mai tsaro, wanda ba ruwansa da inda garke ya dosa, shi dai kada wani abu ya taɓa shi. Kangal na ƙasar Turkiyya na cikin wannan sahu na biyu, Azawak ma nan ya fi kusa.

Dalili a fili yake. Bafulatani ba ya bukatar kare ya tattaro masa shanu. Shanunsa sun san muryarsa, yana gaba da sanda a kafaɗa suna biye, kowace da sunanta. Abin da ba zai iya ba shi ne ya kwana ido biyu kullum bayan ya yini a tsaye. Wannan gurbin ne kare ya cike.

Azawak kuma ya haɗa da farauta. Da ido yake bin nama, ba da hanci ba: ya hango zomo ko barewa, ya cilla, ya riske ta. A shekarun baya wannan ne ke kawo nama ruga, domin makiyayi ba ya yanka dabbarsa haka kawai sai da dalili.

Halinsa ma na mai gadi ne. Yana manne wa mutanen gidansa, yana kwana cikin yara, amma baƙo ba ya samun fuska. Ba ya kaɗa wa kowa wutsiya. In karnuka da yawa ne a ruga ɗaya, da ɗaya ya yi haushi sauran za su taso su jeru a bayansa, kuma kura kan yi lissafi kafin ta tunkari irin wannan taron.

Reno irin na ruga

Karyar Azawak sau ɗaya take neman namiji a shekara, saɓanin yawancin karnukan gida da ke yi sau biyu. Cikin na wata biyu ne da 'yan kwanaki. In lokaci ya yi ita da kanta take tona rami a gindin wani itace ko ƙarƙashin kaya, ta haihu ba ungozoma.

A nan ne al'adar makiyaya ke da tsauri. Ruga ba ta iya ciyar da kwiyakwiyai biyar ko shida, don haka akan zaɓi ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ko waɗanda wani ya riga ya roƙa, sauran kuwa ba a raya su. Masu kiwon karen a Turai na jin wannan da zafi. Amma su ma sun yarda cewa wannan tankaɗe da rairaya na ɗaruruwan shekaru, haɗe da na yunwa da rana, shi ya fitar da kare mai juriya haka, wanda raunin jikinsa ke warkewa da wuri, kuma ciwon ƙugu da ke kassara manyan karnukan Turai bai cika kama shi ba. A ganina yau akwai hanyar da ta fi sauƙi ga zuciya: a killace karya lokacin da take nema in ba a bukatar 'ya'ya, ko a kai ta wurin likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa.

Wanda aka zaɓa kuwa gata yake samu. Nonon uwa ya zama nasa shi kaɗai, daga baya a haɗa masa da na akuya. Abincinsa na yau da kullum abincin gida ne: nono, tsala, dambun gero ko ragowar tuwo, sai abin da ya kamo da kansa, ɓera ko ƙadangare ko fara. Nama sai ranar suna ko Sallah. Wasu kan yanke masa kunne tun yana ƙarami, wai don kada abokin faɗa ya samu abin kamawa, kamar yadda 'yan farautarmu ke yi. Likitocin dabbobi ba sa goyon bayan haka, ƙasashen Turai da yawa ma sun haramta.

Abu mafi muhimmanci a renon yana faruwa ne a watanni ukun farko, kuma makiyaya sun san shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Duk abin da kwikwiyo ya tashi a cikinsa a wannan tsakani, shi zai ɗauka danginsa. In ya kwana cikin 'yan awaki, ya sha warinsu, uwar garke ta tunkuɗe shi sau biyu ya koyi ladabi, to ya zama ɗan garke har ya mutu. In aka bar shi a hannun yara suna wasa da shi har ya yi wata biyar, sannan aka kai shi cikin dabbobi, an makara.

A ƙasar Namibiya an gwada wannan a aikace. Manoman can sun daɗe suna harbe rabbi, ɗan'uwan damisa mai tsananin gudu, saboda yana kashe musu awaki. A 1994 ƙungiyar Cheetah Conservation Fund ta Dokta Laurie Marker, mai mazauni kusa da garin Otjiwarongo, ta fara kiwon karnukan tsaron garke na Turkiyya tana rabawa. Ana haihuwar kwiyakwiyan a cikin garken awaki, a miƙa su ga manomi suna da wata biyu zuwa uku, a kuma riƙa bin sawu ana duba lafiyarsu. An raba ɗaruruwa, kuma mafi yawan waɗanda suka karɓa sun ce asararsu ta ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ba wani sihiri a ciki. Kare ne, da reno a kan lokaci, da allura.

Sai dai Azawak na da wani abu da Kangal ba shi da shi sosai: jininsa na son bin duk abin da ya ruga. Ɗan akuya mai tsalle-tsalle ko kaza mai fiffika na iya tayar masa da wannan sha'awa, musamman daga wata shida zuwa shekara, lokacin ƙuruciya na ɗibarsa. Ranar da ya fara bin ɗan akuya da wasa, ranar ake tsawata masa, nan take, ba bayan an dawo gida ba. Kada kuma a bar masa mahaifar akuya ko ɗan da aka haifa matacce. Duka ba ya gyara wannan kare. In aka saba dukansa, ko dai ya zama matsoraci ya daina haushi, ko ya zama mai cizo ba gargaɗi, kuma duka biyun asara ce. Murya mai kauri da ido sun ishe shi.

Yadda ya haye teku

A farkon shekarun 1970 ne karen ya fara isa Turai, ta hannun wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya da ya yi aiki a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, sai kuma sojoji da ma'aikatan Faransa da suka koma gida da nasu. A farkon shekarun 1980 hukumar rajistar karnuka ta duniya, FCI, ta amince da shi, aka kuma ɗora wa Faransa alhakin tsara siffofinsa. Ya shiga Amurka a tsakiyar shekarun 1980, babbar ƙungiyar karnukan ƙasar, AKC, ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019.

Da takarda ta shigo, sai gardama ta biyo ta. Siffar da aka rubuta a Turai ta taƙaita launinsa ga ja da ruwan ƙasa, da ratsi ko babu, da fari a ƙafafu da ƙirji. A daji kuwa akwai launuka iri-iri, kuma ba makiyayin da zai ƙi kare mai kama zomo don farinsa ya yi yawa. Amurkawa sun sassauta, suka ce launi ba ya hana. Har yau ɓangarorin biyu ba su daidaita ba.

Babbar matsalar ma ba ta launi ba ce. Karnukan Turai sun fito ne daga 'yan tsirarun iyaye, aka yi ta haɗa dangi da dangi, har cututtukan gado irin su farfaɗiya suka fara bayyana a wasu zuri'o'i. Shi ya sa tun shekarun 1990 wata ƙungiya mai suna ABIS, da ke da tushe a Burkina Faso, ta riƙa shirya tafiye-tafiye zuwa rugage don duba karnukan asali da ɗauko sabon jini. Wato duk takardun da ke Faransa, madogararsu tana bayan bukkar makiyayi. In na daji ya ƙare, na Turai ma kwanansa ƙirgagge ne.

Abin da ke cin sa a gida

Na dajin kuwa yana cikin matsi ta fuskoki da yawa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun share garkunan Azawak, suka tura dubban iyalai gefen garuruwa. Wanda ya rasa akuyar tatsa ba shi da abin ba kare, ba shi ma da abin da kare zai tsare. Waɗanda suka zauna kusa da gari, karnukansu suka cakuɗe da na gari, siffar ta fara narkewa.

Naman dajin ma ya tafi. Bindiga da mota sun yi wa barewa da jimina abin da kare bai taɓa yi musu ba. Mariri ya ƙare ƙaf a daji, har aka ayyana haka a shekarar 2000, sai daga 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Chadi daga wuraren kiwo na waje. Barewar da ta rage kuma doka ta hana taɓa ta, kuma daidai ne. Rabin sana'ar karen ta mutu ke nan.

Sannan ga rashin tsaro. Tun rikicin arewacin Mali na 2012 yankin bai huta ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya a rana ɗaya, a 2022 kuma faɗan yankin Menaka ya raba dubban mutane da matsugunansu. Mai gudun ceton rai da yara a kafaɗa ba ya waiwayar kare. A nan ya kamata a faɗi gaskiya ga masu sayen karnuka don tsoron ɓarayin daji: kare ba ya tare harsashi. Abin da yake bayarwa shi ne 'yan mintoci na gargaɗi, a tashi yara, a kwance dabbobi. Wani lokaci waɗannan mintocin su ne komai, amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma fatauci. Kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato na karɓar karnuka daga jihohin arewa har da ƙetaren iyaka, ana lodinsu zuwa inda ake cin namansu. Inda kare ya zama kuɗi, ɓarawonsa ma ba ya rasuwa.

Me malamai suka ce?

Da yawa daga cikin masu jifan kare suna jin addini suke yi wa hidima. Littattafan da ke zaurukanmu ba haka suka nuna ba. Hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, shi ne kuma ya ware karen kiwo da na farauta da na gona. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo in an ambaci sunan Allah. Kowane ɗalibi kuma ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yankinmu, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai kuma bin umarni ne. Shafi'awa sun fi tsanantawa a wannan. Malamai sun yi saɓani kan karen gadin gida a cikin gari, amma masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye.

Batun sayarwa ma akwai magana, domin an hana cinikin kare, aka yi saɓani kan wanda shari'a ta yarda a riƙe. Wannan ya zo daidai da tsohuwar al'adar Abzinawa, inda kwikwiyon kirki kyautarsa ake yi ga wanda ake ganin girmansa, ba a kai shi kasuwa.

Su ma masu ƙyamar karen suna da hujjar da ba za a raina ba. Manomin da karen makiyayi ya yaga wa ɗa a hanyar rijiya, ko matar da ba ta iya wucewa ta gaban wani gida, ba ƙiyayya ce ke damunsu ba. Tsoron cizo ne, da abin da ke biyo bayan cizo.

Allurar da ta fi kaskon tuwo

Ciwon haukan kare na kashe mutum wajen dubu 59 a duniya kowace shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai addu'a. Ƙwayar cutar kan ɓoye wata biyu ko uku bayan cizo, har a manta, shi ya sa ake danganta mutuwar da iska ko sammu.

Makiyayi na cikin haɗari ninki biyu, domin dila ma na ɗauke da cutar, shanu kuma na kamuwa. Saniya ta fara dalala tana kuka ba ƙaƙƙautawa, ta kasa haɗiya, mai ita ya ɗauka wani abu ne ya maƙale mata, ya zura hannu cikin bakinta. Hannun nan kuwa da wuya a rasa tsagar ƙaya a jikinsa.

Rigakafin yana da arha. Allura ɗaya in kwikwiyo ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a cikin gida Najeriya. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, cutar kan rasa inda za ta bi. Birnin Injamena ya nuna haka a 2012 da 2013, inda aka yi wa karnuka wajen dubu ashirin allura kowace shekara, cutar ta ɗauke na tsawon watanni, sai da karnukan da ke shigowa daga wajen gari suka dawo da ita. Karen ƙauye da na ruga ke nan, waɗanda allura ba ta kai gare su ba.

In cizo ya riga ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ba a jira a ga abin da hali zai yi, ba a kuma toshe ciwon da garin magani ko ƙonannen gashin karen. In karen na gida ne kuma da alamar lafiya, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma maimakon a kashe shi nan take.

Akwai wata asarar da makiyaya ke gani ba su san daga kare take ba. Tunkiya ta fara juyi wuri ɗaya, kanta a karkace, ta daina bin garke. Sau da yawa ƙwan tsutsar cikin kare ne ta ci a ciyawa, ya je ya yi ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwarta. In an yanka ta sai a jefa wa kare kan, tsutsa ta sake komawa cikinsa, a yi ta zagaye. Haka abin yake da huhu ko hanta mai ƙurajen ruwa da mahauci ke yankewa ya wurga wa karnuka, kuma wannan nau'in har mutum yana kamawa. Hanyar yanke wannan zagayen gajeriya ce: kada a ba kare ɗanyen kai ko kayan ciki masu alamar cuta, a dafa ko a binne, a kuma ba shi maganin tsutsa duk wata uku.

Kaska na shan jininsa tana sa masa zazzaɓin da ke mayar da dasashinsa fari. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, inda ƙarangiya ma ke maƙalewa ta sa shi ɗingishi. Amma a yi hattara da maganin. Karnuka da yawa ba kaska ce ta kashe su ba, mai su ne ya yi musu wanka da maganin ƙwarin gona, ko ya auna musu na shanu da ido, ko ya shafe ƙazuwarsu da baƙin man mota. Magungunan ciwon jiki na mutane ma suna lalata musu hanta da ƙoda. Kwikwiyon da ya fara amai da zawo mai jini kuwa, kwana biyu ko uku ya isa a rasa shi, alhali akwai rigakafinsa tun yana da mako shida zuwa takwas. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji Hausawa. Juriyar gado ba ta tare waɗannan cututtuka.

Ga mai son riƙe shi a gari

Wanda ba shi da fili ya haƙura. Kare ne na gudu, in aka ɗaure shi da sarƙa a gindin famfo dare da rana zai lalace, ya koma haushi ba dalili. Yana bukatar katanga mai tsayi da wurin sakin ƙafa kullum. Kada a cusa masa abinci don a rufe haƙarƙarin, ganin uku zuwa biyar daga cikinsu shi ne daidai. A cire albasa daga ragowar abincin da za a ba shi, tana ɓata masa jini. Ruwa kada ya yanke. Ba ya jure sanyi ko kaɗan, don haka da hunturu a shimfiɗa masa buhu a lungun da iska ba ta bugawa. A kuma saba masa da baƙi da ƙarar babur tun yana ƙarami, in ba haka ba kowane mai sallama abokin gaba ne. In an kula da shi yakan kai shekara 12 ko fiye.

Sauran aikin na hukuma ne da na jami'o'i. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato suna da ɗaliban da za su iya auna karnukan rugagen kan iyaka su rubuta siffofinsu, kamar yadda aka yi wa shanu da awakin Maraɗi. Ma'aikatan da ke zagaya mashekarai duk shekara suna yi wa shanu rigakafin ciwon huhu kuwa, akwatin sanyin da ke hannunsu zai ɗauki allurar kare, tafiya ɗaya ce, mai ɗaya ne.

Kai kuma mai kare, ko na Azawak ne ko na bayan gida, ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma asibitocin dabbobi da dama kan yi allurar kyauta ko da rangwame a makon. Sa masa igiya ka kai shi, ka karɓi katin ka adana.